Ranar da Na Zagi Jikana a Kumasi

Direban da ya ɗauko mu daga Legas ya rantse mana motarsa ba ta tsayawa ko'ina sai Akra. A Kwatano ya zubar da mu. Ya ce inji ya ɗau zafi, kowa ya sauka ya miƙe ƙafa, aka sauke kaya wai za a duba ƙarƙashin mota. Muna tsaye muna kallo ya cika ta da masu komawa Legas, ya ɗaga mana hannu kamar wanda ya yi mana alheri, ya ja abarsa.

Mu uku ne. Ni Malama Rabi, da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da 'yan firamare a Keffi. Maigidana Malam Sale. Sai 'yarmu Zulai da ke jami'a, wadda muka taho da ita don ta iya danne-dannen waya. Malam mutum ne da bai taɓa wuce Lokoja ba, kuma ba ya jin ya yi asarar komai. A ganinsa duk abin da babu shi a kasuwar Keffi, ɗan Adam zai rayu lafiya ba tare da shi ba. Ya zauna a kan buhun doyar da muka ɗauko tsaraba, ya dube ni ya ce, "Maman Zulai, ga ƙasar wajen nan da kike ta ɗoki. Sai ki kalla ki more."

Abin da ya raba mu da gida kuwa ɗanmu ne na fari. Ba na kiran sunansa, ban taɓa kira ba tun ranar da aka raɗa shi. Magaji muke ce masa. Ya tafi Kumasi ta ƙasar Gana karatun gine-gine, ya zarce da aiki, ya auri 'yar can mai suna Abena, har suka samu ɗa namiji. Lokacin auren mun yi abin da ya dace a wurinmu: muka tura ƙanen Malam da goro da kaya, mu iyaye muka zauna a gida, don uwar ango ba ta zuwa ta baje a gidan surukai. To ga shi ya samu aiki a Abuja, har ya kama gida a Keffi kusa da mu, sai uwar Abena ta ce atafau 'yarta ba za ta zauna cikin mutanen da suka kasa taka ƙafa su zo aurenta ba. A wurin Asante kuwa, ƙabilar su Abena, ɗa na dangin uwa ne, maganar uwa ba a tsallake ta. Magaji ya gaya mana a waya cewa in ba a sakar masa iyalinsa ba, zai haƙura da aikin ya zauna can. Wato in rasa ɗa, in rasa jikan da ban taɓa ɗauka a hannuna ba. Wannan ne ya sa na tayar da Malam daga kujerarsa ta ƙofar gida.

A tashar Kwatano babu wanda ke jin mu. Zulai ta yi Turancin jami'a, ta sauko ta yi na kasuwa, mutane na amsa mata da Faransanci suna wucewa. Babura ko'ina kamar an fasa gidan tururuwa, har da mata, da goyo a baya da kwando a gaba, suna tuƙi abinsu. Malam ya bi wata da kallo har ta ɓace, ya ce, "Ikon Allah. Kuma ba ta faɗi ba."

Wata mai sayar da dogon burodi ce ta lura da mu. Baƙa ce siririya, da tsagu biyu a kumatu. Ta zo ta kama hannuna ba ta tambaye ni ba, ta kai ni kan bencinta, ta ce, "Sannu. Zauna." Duk Hausarta ke nan, kuma ta ishe mu. Ta kawo ruwa, ta yanka burodi ta shafa masa fiya ta miƙa wa kowa. Da Zulai ta nuna mata sunan Lome, birnin da ke gaba a hanyarmu, a waya, sai ta bar kayanta a hannunmu, mu baƙin da ba ta sani ba, ta tafi ta dawo da wani direba tana yi masa faɗa tun daga nesa, faɗan da ko ba ka jin yaren ka san gargaɗi ne. Na buɗe jaka zan ba ta wani abu, ta buge hannuna. Sai Malam ya kwance buhu ya zaro doya mafi girma ya ajiye mata. Wannan ta karɓa, tana dariya har da riƙe ciki.

A hanyar Lome muka fara ganin teku. Na sha koyar da yara cewa ruwa ya fi ƙasa yawa a duniya, amma ranar na gane baki kawai nake yi. Malam ya cire hula. Da direba ya tsaya shan mai, sai muka neme shi muka rasa. Can muka hango shi ya tsallaka titi, ya naɗe wando, yana tafiya cikin yashi wajen ruwa. Ya sunkuya ya ɗebo da hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya juyo yana ƙwala mana kira, "Wallahi gaskiya ne! Gishiri ne zalla!" Bai rufe baki ba igiyar ruwa ta zo ta baya ta zaunar da shi daɓas. Dattijon da a gida ba a jin dariyarsa sai ranar Sallah, ga shi zaune cikin ruwa da babbar riga yana ƙyaƙyatawa kamar yaro. Zulai ta ɗauke shi hoto, har yau da shi take yi masa barazana.

Kan iyakoki kuwa ba na son tuna su. Layi cikin rana, a duba fasfo, a duba katin rigakafi, a sauke doya, a ɗora doya. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A masaukin da muka kwana a Akra aka kawo mana wani dunƙulen masara mai tsami, na kasa haɗiyewa, na zauna ina kewar masar maƙwabciyata da kunun gyaɗar safe. Har ƙarar tirelolin hanyar Abuja da nake tsine wa kullum, ranar na yi marmarin ji.

Hanyar Kumasi ta wanke mana ido. Kore shar ko'ina, itatuwa dogaye, gonakin koko da agade, babbar ayabar nan ta dafawa, har bakin titi. Malam ya daina ƙorafi, ya koma tambaya. Wannan mene ne, wancan ana ci, me ya sa suke shanya waɗancan 'ya'yan a kan tabarma? Direba ya gaji da shi ya ƙara sautin rediyo.

Muka tarar da gidan cike. Dangi sun jeru a tsakar gida cikin fararen kaya, a tsakiyarsu ga uwar Abena, Mame Serwa, doguwa kakkaura, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Kirista ce, shugabar mata a cocinsu, amma a ɗakin da ta ware mana mun tarar da sabuwar buta da darduma biyu, an shimfiɗa su suna kallon alƙibla. Ashe sai da ta je ta tambayi Hausawan unguwar Zango. Akuyar da aka dafa ma a wurin mahaucin Zango ta sa aka yanka. Matar ta yi iya yinta. Mu ne muka shiga ɓata abin ɗaya bayan ɗaya, muna ganin ladabi muke zubawa.

Magaji ya taho da sauri, ya yi ƙiba, ya tara gemu. Zuciyata kamar ta fito. Dangin suka miƙe, wasu har sun ɗaga waya za su ɗauki uwa da ɗa sun rungume juna. Ya durƙusa a gabana, ni kuwa na kau da kai na dubi bango na ce, "An same ku lafiya?" Na ga wayoyin suna sauka a hankali.

Aka ba mu ruwa muka sha. Sai kawun Abena, wani tsoho yafe da zane a kafaɗa, ya tambaya ta bakin Magaji me ya kawo mu. Ashe al'adarsu ce, baƙo ko an san da zuwansa sai ya faɗi abin da ke tafe da shi a gaban kowa. Malam ya gyara zama ya yi irin tamu, ya ce, "A'a, babu komai. Gaisuwa ce kawai." Tsohon ya dubi Mame Serwa, ita kuma ta dubi ƙasa.

Aka kawo fufu, sakwararsu ta rogo da agade, tana iyo cikin miyar akuya. Yunwa kamar ta kashe ni, ƙamshi na dukan hancina. Amma ga surukai sun kewaye ni sun zuba min ido. Na gutsiri loma ɗaya, na rufe kwano na ce alhamdulillahi, ina jira su fita in ci abina. Ba su fita ba. Wata ta zo ta ɗauke kwanon.

Sannan Abena ta fito da yaron. Yarinya ce mai fara'a, ta durƙusa kamar yadda mijinta ya koya mata, ta ce, "Sannu da zuwa, Inna," ta ɗora min shi a cinya. Sunan Malam aka sa masa, su kuma suna kiransa Kofi. Kumatu cike, ido tar a kaina, ya kama ɗan yatsana ya riƙe gam. Nan fa babu kunya, jika ne, abokin wasa. Duk son da na danne tun ƙofar gida sai ya ɓalle ta hanyar da na sani.

"Kai, wannan ne mijin nawa?" na ce. "Mummuna haka? Dubi kai kamar tulu, dubi hanci an taka. Ni ba na so, a mayar. Ko sabulu ba zai iya saya min ba."

Malam na dariya, Zulai na dariya. Sai na ji gidan ya yi tsit. Mame Serwa ta shekara tana ciniki da 'yan Zango, ta san "mummuna", ta san "ba na so". Ta taso ta zare yaron daga hannuna, ta shige ɗaki da shi.

Washegari da safe Zulai ta shigo da fuska a jiƙe. "Inna, an fasa. Mame Serwa ta ce su Abena ba za su je ba. Wai kin ƙi kallon ɗanki, kin ƙi cin abincinta, Baba ya ce ba wani abu ya kawo ku ba, sannan kin ce jikanta mummuna ne. Ta ce in a gabanta kin yi haka, me za ki yi a Keffi?"

Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce mun keto ƙasashe da kumburarrun ƙafafu, an yashe mu a titi, shi ne za a koya min yadda ake son jika? Na fara tusa kaya a jaka. Malam yana zaune a kan darduma yana kallona, sai ya ce, "Maman Zulai, matar nan ta saya miki buta fa. Ita ta je ta tambayo yadda muke. Mu wa muka tambaya?" Ban taɓa zaton wannan magana za ta fito daga bakin mutumin da ya zauna kan buhun doya yana yi min gori ba. Na ajiye jakar.

Na sami Mame Serwa a bayan ɗakin girki ita kaɗai tana kirɓa fufu, tana dukan turmin kamar shi ya yi mata laifi. Dakansu ba irin namu ba ne. Mutum biyu ke yi: ɗaya na tsaye da doguwar taɓarya, ɗaya na zaune yana tsoma hannu cikin turmi yana juya fufun tsakanin bugu da bugu. Da alama ta kori mai juya mata. Na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna, na jiƙa hannu a ruwa, na sa cikin turmin.

Ta tsaya da taɓarya a sama. Da Turancin kasuwa muka yi magana, tana tsoma Hausar da ta tsinta.

"Cire hannu. Ba ki iya ba."

"Daka kawai," na ce.

Ta saki taɓaryar. Na fizge hannu, iskar taɓaryar ta shafi yatsuna. Na sake juyawa, ta sake bugawa. A hankali muka samu kiɗan, sannan bakina ya buɗe. Na gaya mata a wurinmu ɗan fari ba a nuna masa so a gaban mutane, ba a ma kiran sunansa, kunya ce da kawaici. Na ce baƙon kirki ba ya cika ciki a gaban surukai. Na ce jikan da kaka ba ta zaga ba, shi ne abin tausayi. Ni kakata "baƙar kaza" take ce min har ta rasu, kuma a ɗakinta nake kwana, ni take ɓoye wa tsokar nama a ƙarƙashin faifai.

"To fufuna fa?"

"Mame, jiya da yunwa na kwana. Ina jin ƙamshin miyar nan har cikin barci."

Ta so ta yi dariya, ta danne. Ta jingina taɓarya a kafaɗa ta dube ni sosai.

"Na ji. Amma bari in gaya miki. Yaronki ya daɗe yana cin abinci a gidan nan, yaron kirki ne. Wata rana na tambaye shi, mamarka tana son ka? Ya yi murmushi ya ce yana tsammani. Yana tsammani! Ke kin san abin da ke cikinki, shi yana tsammani. In na ba ki 'yata, ita ma haka za ta zauna tana tsammani?"

Maganar ta soke ni. Yaron da na kwana a tsaye a asibiti lokacin da ƙyanda ta kama shi, yaron da ban taɓa sallame salla ban sa shi a addu'a ba. Na hango shi can bakin famfo yana wanke fuska, ya juya mana baya. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina.

"Haruna!"

Ya ɗago ya dubi ƙofar gida, ya dubi ɗakin matarsa, yana neman mai kiran. Bai dubi inda nake ba.

"Haruna, ni ce. Zo nan."

Ya taho kamar mai tafiya a kan ƙwai, ya durƙusa. Wannan karon ban dubi bango ba. Na ce, "Ni na haife ka, kuma tun ranar ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda nake son ka ba. Matarka 'yata ce, ɗanka kuwa ya fi duk yaran Keffi kyau. Ka daina tsammani."

Ya kifa kansa a gwiwata, kafaɗunsa na rawa. Sai ga muryar Zulai daga bakin ƙofa: "To ni fa, Inna? Tsinto ni aka yi?"

Mame Serwa ta yar da taɓarya ta saki wani ihu da yarensu, ta ɗago ni ta rungume har ƙasusuwana suka yi ƙara, hannuna duk fufu ya manne a atamfarta. Dangi suka fito a guje. Ranar na ci fufu a tsakiyar tsakar gida, kowa na kallo, na nemi ƙari, na tsotse ƙashi. Malam kuma ya miƙe gaban kawun Abena ya faɗi abin da ya kawo mu dalla-dalla: mun zo roƙon a ba mu 'yarmu da jikanmu. Tsohon ya ce ai da jiya aka faɗi haka, da tuni an wuce wurin.

Sauran kwanakin daɗi ne zalla. Mame ta ja ni kasuwa tana nuna ni rumfa-rumfa, ta ɗaura min atamfa irin ɗaurinsu. Ta ga doyar da muka sha wahalar kawowa ta yi dariya har da hawaye, don doya a Kumasi tuli take, amma ta dafa ta ce tamu ta fi gari. Kawun ya kai Malam gonar koko, ya dawo yana tsotsar 'ya'yan, aljihu cike da iri wai zai gwada shukawa a Keffi. Na koya wa Mame wasan jika. Ta ɗauki Kofi ta ɓata fuska ta ce, "Kai, mumm..." sai ta kasa ƙarasawa, ta hau sumbatarsa tana ba shi haƙuri. Ni ma na koyi cewa in an yi maka abu, ka faɗa da baki ka gode, kada ka bar mutum ya yi ta laluben zuciyarka.

Ranar komawa matan cocinsu suka rako mu tasha da waƙa. Mame ta ce da Kirsimeti tana nan tafe, ta ga garin da ake zagin yara saboda so, kuma a ajiye mata miya mai yaji. Ta ɗora hannun Abena a cikin nawa, ta matse su tare, ta juya da sauri don kada mu ga idonta.

Na shiga mota na zauna kusa da taga, Abena a gefena, Kofi a cinyata yana jan ɗankwalina. Magaji ya gama ɗaure kaya ya zo zai wuce kujerar baya. Sai ya ɗan tsaya, ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Inna, ashe kin san sunan."

"Wuce ka ba ni wuri," na ce, ina kallon taga.

Ya wuce yana dariya. Na ɗago jikana na rufe fuskata da shi.